Shekara uku a ajin at (Arts) babu Litireca: laifin wa ke nan?

Baban Ummi (Tudun Jukun):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ke cina tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko na ji sanyi, ko kuma wani ya tsira daga abin da ya same ni.

'Yata ta fari tana SS3. Tun tana firamare take cewa lauya za ta zama, har ƙannenta Barista suke ce mata a gida. Duk ranar da muka bi ta Kongo, harabar ABU a nan Zariya, sai ta nuna ƙofar jami'a ta ce, "Baba, nan zan shiga." Ranar Talata na kai ta kafe a yi mata rajistar JAMB. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce ta lissafo darussan da take yi, ta lissafo. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, ina Litireca?" Na ce mene ne kuma Litireca? Ya ce adabin Turanci, kuma in babu shi maganar karatun lauya da wuya. Ashe shekara uku yarinyar nan ba ta taɓa zama darasin ba, don tun da malaminsu ya yi ritaya ba a kawo wani ba. Aka cike musu gurbin da wani darasi, ba wanda ya ce mana uffan.

Daga kafe har gida ba ta yi magana ba, ta dai rufe fuska da hijabi a cikin keke. Washegari na je na ga shugaban makarantar. Ba zan kama suna ba. Abin da ya ce da ni shi ne, "Alhaji, ai da kun faɗa mana tun farko." Ni da na tsaya a aji uku na kama kasuwa, ta ina zan san wannan? Kuɗin PTA ban taɓa fashin biya ba. Don Allah malamai da ke nan, aikin wa ne ya gaya wa yaro ga darasin da zai kai shi inda yake so?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Ummi haƙuri, abin da ciwo. Amma Alhaji, ni malama ce shekara 16, kuma ina jin tsoron kada a bar jaki a koma dukan taiki. Shugaban makaranta ba ya ɗaukar malami, turo masa ake yi. In ya rubuta wa ma'aikata ba a turo ba, ya zai yi? Ya shiga ajin da kansa?

Baban Ummi (Tudun Jukun):
Malama, ban ce ya haifo malami ba. Cewa na yi ya tara mu ya ce, jama'a, ba mu da malamin kaza, duk mai son ɗansa ya karanta kaza ya san inda dare ya yi masa. Wannan ma sai ma'aikata ta turo?

Mai Kafe (Kwangila):
Hhh Alhaji ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wallahi in ana maganar masu ba ɗalibai shawara a Zariya, mu ne, mu masu kafe, kuma ba mu karanci aikin ba. Lokacin JAMB ka zo shagona ka zauna awa ɗaya kawai. Yaro zai shigo da kuɗi a hannu da abokinsa a gefe. Wane kwas? Medisin. To darussa huɗu za ka zauna, Turanci dole ne, saura uku. Sai ya ce Lissafi, Bayoloji, Kemistiri. In ce ina Fiziks? Ya ce ai shi ba ya jin Fiziks. Likitanci kuwa Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ake nema. Wani kuma injiniya yake so amma yana gudun Lissafi. Zaɓi na biyu fa? "Oga sa mini duk wanda ake samu." Layi ya kai bakin titi, wuta na iya ɗaukewa, man janareta na ƙonewa, a minti biyar zan yanke wa ɗan mutane rayuwarsa. Akwai littafin JAMB da ya jera kowane kwas da abin da yake buƙata, yana intanet kyauta. Na sha tambayar yara ko an taɓa buɗe musu shi a makaranta. Sai su tsaya suna kallona.

Maman Sadik:
To bari in faɗi ɗaya ɓangaren, tunda iyaye sun wanke kansu. Duk shekara in aka raba yara SS1, sati biyu ofishin mataimakin shugaba ba ya rabuwa da iyaye. "Ɗana ba zai zauna ajin daƙiƙai ba, a mai da shi sayans." Yaron da da ƙyar ya haye Lissafi a jarrabawar JSS3. Na ga uban da ya zo da takarda daga wani babba. A mai da yaro, ya yi shekara uku yana kwafar na maƙwabci, ya fito ba kiredit, sannan a ce malamai ba sa koyarwa. Kuma muna da mai ba da shawara a makarantarmu, ta karanci fannin a jami'a da digirinta. Kun san me take yi? Darasin zama ɗan ƙasa take koyarwa a azuzuwa shida. Ɗakin da aka rubuta sunan ofishinta a ƙofa, karyayyun kujeru ne a ciki da kwalayen alli.

Tsohon Firinsifal:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma da yake na zauna a kujerar da ake magana a kai kafin in ajiye aiki, bari in sa baki.

Malama Maman Sadik, 'yata, kin zo kare shugaba sai kika ba da shaidar da za ta ɗaure shi. Wa ya ba wa mai ba da shawarar azuzuwa shida? Wa ya sa aka zuba kujeru a ɗakinta? Ba kwamishina ba ne. Jadawalin darasi a teburin shugaba ake sa masa hannu, makullan ɗakuna kuma a aljihunsa suke. Malami ne ba ya iya ɗauka, wannan gaskiya ne. Amma abin da ke hannunsa ya fi abin da muke yarda da shi yawa, mu shugabannin mun fi son a ce hannunmu a ɗaure yake don a rage mana tambaya.

Ku tuna dalilin da ya sa aka raba sakandare gida biyu. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 manufarsa ke nan: shekara ukun farko a gwada yaro da abubuwa iri-iri, har da aikin hannu, a ga inda ya karkata, sannan a nuna masa hanya. Mu da muka ga lokacin mun ga akwatunan injinan koyon sana'a da aka shigo da su daga waje aka rarraba wa makarantu. Da yawa a cikin akwatin suka yi tsatsa, ba wuta, ba malamin da ya iya su. Sai tsarin ya zama lissafin shekaru kawai, JSS3 ta zama tsani zuwa SS1, ba mararraba ba. Abin da ya sami Ummi ba a SS3 ya same ta ba, ranar da aka rubuta sunanta a rajistar SS1 ya same ta. Duk abin da za a yi yanzu ihu ne bayan hari.

Abin da na riƙa yi ba wata dabara ba ce. Zango na biyu na JSS3 nake sa kowane malamin aji ya buɗe littafi, shafi ɗaya yaro ɗaya: me yake so, me ubansa ke so, me makinsa na shekara uku ya nuna. Sai in kira iyaye ranar Asabar da safe. Ba na cewa taron PTA ne, don in ka ce haka kowa ya san kuɗi za a nema, ba mai zuwa. Cewa nake yi za a faɗi ajin da ɗanka zai shiga. Wallahi sai zauren ya cika, har da iyaye mata. A nan nake tsayawa in ce, bana ba mu da malamin kaza, wanda ke son kaza ya ji. Wasu sukan cire 'ya'yansu su kai wata makaranta, kuma ban taɓa jin haushi ba. Uban da ya nace sai sayans, in buɗe masa shafin ɗansa, in ce mu gwada zango ɗaya, in bai kai maki kaza ba ka yarda a mai da shi, sa hannu a nan. Da yawa sukan dawo da kansu kafin zangon ya ƙare.

Ban ce na yi nasara a kan kowa ba. Akwai wanda ya kai ƙarata sama, aka kira ni aka ce in bar yaron. Na bar shi.

Maman Sadik:
Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara a kan maganar ɗaki. Amma zamaninku aji nawa ne, yara nawa? Yanzu ina shiga ajin da na baya ba ya jin muryata, wasu a kan taga suke zaune. Shafi ɗaya yaro ɗaya, wa zai rubuta? Ni da ko makin jarrabawa sai na kai sha biyun dare?

Tsohon Firinsifal:
Da gaskiyarki, yawan ya ninka. To a rage wa mai ba da shawarar aji uku daga cikin shida, a ce JSS3 kaɗai ta riƙe. Asarar darasi uku a mako da asarar shekara uku ta yaro, wanne ya fi? Kuma kada ku ɗauka wannan aiki da kuɗi ya fara. A tarihin da ake koya wa masu karanta fannin, a 1959 ne wasu sistoci masu riƙe da makarantar 'yan mata ta St. Theresa a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Gayyata ce kawai, kuma shugabannin makarantar ne suka yi ta.

Injiniya (Samaru):
Wannan maganar gayyata ita ce ke ba ni takaici da garin nan. A ce a Zariya yaro ya gama sakandare bai san aiki ba sai likita, lauya, soja? Kullum ƙananan jiragen koyo na shawagi a kan Palladan, yara na ɗaga musu hannu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan tun 1964. Tambayi ɗan SS2 me ake koya a ciki, zai ce tuƙi, kuma na 'ya'yan masu kuɗi ne. Tuƙin da tsada, ba musu. Amma a nan ake horar da masu gyaran jirgi da masu ba jirage hanya daga hasumiya, wa ya taɓa gaya masa? Ga cibiyar fasahar sufuri a hanyar Basawa, ga ta fasahar fata a Samaru, ga cibiyar binciken aikin gona da ke fitar da irin shuka, ga ta dabbobi a Shika kusa da asibitin koyarwa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. A asibitin kaɗai akwai masu gwajin jini, masu ɗaukar hoto, masu gashin ƙashi, masu harhaɗa magani. Mutane na tahowa daga Legas da Fatakwal su yi karatu a wuraren nan, ɗan Gyallesu bai taɓa leƙa ƙofar ba. ABU tun 1962 take zaune da mu. Takarda ɗaya shugaban makaranta zai rubuta, da hatiminsa. Ni in ɗalibi ya zo shi kaɗai mai gadi ba zai bar shi ya shiga ba, amma takardar shugaba tana buɗe ƙofa. Shekarata 11 ina aiki, makarantar da na gama ba ta taɓa nemana ba sai ranar da za a gyara katanga.

Ɗan Birni:
Duk wannan surutu ne. Wanda aka ba shawarar da wanda ba a ba ba, duk suna nan suna tuƙa keke da digirinsu. Ƙasar nan wa ka sani ne. Kuma arziki na Allah ne, abin da aka rubuta wa yaro shi zai zama.

Malam na Ƙofar Doka:
Ɗan Birni, arziki na Allah ne, ba ja. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kai da za ka Kano ba ka hawa motar Funtuwa ka ce abin da aka rubuta.

Mai Gareji (Muciya):
Ku yi haƙuri masu boko, tun ɗazu jami'a kawai nake ji. Ni bakanike ne. Yaran da ke zuwa wurina yanzu masu shekara 22 ne, 23, sun zauna JAMB sau uku ba su samu ba, uba ya gaji ya kawo su. Ya zo yana jin kunyar shiga ƙarƙashin mota, yana ɓoye fuska in 'yan ajinsu sun wuce. Da a shekara 15 aka gane hannunsa na da kyau aka kai shi makarantar koyon sana'a, ya zauna jarrabawar fasaha ta NABTEB, da yanzu yana da takarda yana da hannu. Motocin yanzu kwamfuta ake jona musu ta faɗi ciwonsu, ina neman yaron da ya iya karanta abin da ta rubuta, ba na samu. Mai ilimin ba ya son maiko, mai son maikon ba ya karatu. Kuma a makarantu in aka ce za a kai yaro tekanikal kamar horo ne aka yi masa. Shugaban makaranta ya taɓa gayyatar irina ya tsaya gaban yara? Ko masu ɗinkin babbar riga na cikin birni da ake zuwa saya daga ko'ina? Sai dai mai farar kwat.

Tsohon Firinsifal:
Mai Gareji, wannan ta same ni. Ni ma ban taɓa gayyatar bakanike ba. Likitoci da lauyoyi da wani hafsan soja na riƙa kirawa. Allah ya yafe mana.

Anti Nas (Wusasa):
Ina so in ƙara ta 'yan mata. Duk shekara sai an kawo mini yarinya har gida a ce a taimaka ta shiga makarantar jinya. In karɓi takarda in ga ajin at ta yi. Jinya kiredit biyar ake nema, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, ba wanda zai ɗaga mata ƙafa. Abin da ke faruwa, a JSS3 ba wanda ya tambayi uban. Sai ta gama ya ce shi aikin asibiti ko koyarwa kaɗai ya yarda 'yarsa ta yi. Da an zaunar da shi tun farko da an san wannan. A wurinmu in ka ba yarinya shawara ba ka haɗa da mahaifinta ba, wani lokacin har da wanda zai aure ta, ka yi aikin banza ne. Shi ya sa taron Asabar ɗin da Baba Firinsifal ya faɗa ya fi mini komai. Kuma malamin aji ba ya iya kiran uba ya zo, sai takarda ta fito daga ofis.

Mai Makaranta:
Ni ina da 'yar makarantar kuɗi, bari in faɗi gaskiya ko da za a zage ni. In na ce wa uba ɗanka ba zai iya sayans ba, gobe ya cire shi da ƙannensa uku ya kai makarantar da ke bayan layi, can a ce masa zai iya. Albashin malamai daga kuɗin nan yake fita. Na san ba daidai ba ne. Abin da na koma yi, ba ni nake faɗa ba, sai in sa yaron ya yi gwaji a gaban uban.

Maman Sadik:
Mai Makaranta, ko ba komai ka faɗi abin da wasu ke ɓoyewa.

Ɗalibar Kongo:
Baba, ina aji uku a fannin shari'a, ku gaya wa Ummi kada ta karaya. Za ta iya zama jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO da ake yi ƙarshen shekara ta ɗauki Litireca. Littattafan da ake tambaya a kansu a jere suke a manhaja, in ta samu mai koya mata wata shida sun isa. Sai dai ku duba littafin JAMB ku tabbatar ko ana karɓar sakamakon zama biyu a inda take so. Ku duba kuma sharuɗɗan ɓangaren shari'ar Musulunci, tunda akwai shi a nan, ko darussan da ta riga ta yi sun dace. Akwai kuma hanyar IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, da ke kai mutum aji biyu kai tsaye. Kada dai ku bari a cike mata kwas ɗin da ba ta so don kawai kada ta zauna a gida. Akwai waɗanda na sani da aka yi wa haka, suna aji huɗu suna kukan canji.

Ɗan Birni:
Shekara guda a gida ga 'ya mace? Alhaji ka yi tunani dai.

Anti Nas (Wusasa):
Ɗan Birni, ba zaman banza za ta yi ba, karatu za ta yi. Ka bar masu 'ya su yanke.

Baban Ummi (Tudun Jukun):
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa Ummi da mahaifiyarta duk abin da kuka rubuta. Uwar ta fi son a cike mata ko koyarwa ne ta shiga bana. Ita kuma ta ce ko shekara biyu ce za ta jira. Ban yanke ba tukuna, mun bar shi sai Juma'a in na yi magana da yayana.

Amma yau da safe na koma makarantar, don ƙaninta yana JSS3 a can. Na gaya wa shugaban maganar taron Asabar kamar yadda Baba Firinsifal ya bayyana, na ce in kuɗin ruwa ne da hayar kujeru ni zan biya. Ya ce shawara ce mai kyau, zai kai ta gaban kwamitin gudanar da makaranta, za su duba. Na ce yaushe? Ya ce bayan jarrabawa. Na ce ranka ya daɗe, bayan jarrabawa ai an riga an raba su. Ya yi dariya ya ce in dawo Litinin.

Tsohon Firinsifal:
Ka koma Litinin ɗin, kuma kada ka je kai kaɗai. Nemi iyaye huɗu ko biyar na 'yan JSS3, ku sa shugaban PTA a gaba. Ku tafi da buƙatar a rubuce, kofi biyu, a buga wa ɗaya hatimin an karɓa ku dawo da shi. In an sa rana ku faɗa mini, in ƙafata ta bar ni zan zo.

Injiniya (Samaru):
Ni ma a sa ni. Zan taho da abokina mai gyaran jirgi.

Mai Gareji (Muciya):
In za a bar mai maiko ya shiga, zan zo da na'urar in jona wa motar firinsifal a gaban yaran.

Ɗalibar Kongo:
Baba, littattafaina na Litireca suna nan amma manhajar ta canza, sai an duba waɗanda ake yi yanzu. Akwai wata 'yar ajinmu a Tudun Wada da ke koyar da yara da yamma, zan tambaye ta ko tana da wuri. Ummi ta fi samun lokaci bayan la'asar ko ranar Asabar?